Workbench ya ƙi tura zanena cikin XAMPP, yana ta kawo ERROR 1064

Tambayar da aka yi: Assalamu alaikum. Ina aikin kammala digiri, manhajar biyan kuɗin makaranta nake ginawa. Na zana teburori goma sha ɗaya a MySQL Workbench 8.0, manhajar zana tsarin rumbun bayanai. Duk lokacin da na danna Forward Engineer don in tura su rumbun bayanan da ke cikin XAMPP, sai ya tsaya da ERROR 1064, yana nuna wani wuri kusa da CONSTRAINT. Na cire Workbench na sake sawa har sau biyu, babu canji. Wani abokina ya ce in goge layukan rubutun SQL da ake ƙorafi a kansu. Na goge, ya wuce. Amma da na yi Reverse Engineer don in dawo da zane daga rumbun, sai na ga layukan da ke haɗa teburorin sun ɓace. Saura mako uku in kare aikin a gaban malamai.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kwantar da hankalinka, zanenka lafiyarsa ƙalau, kuma gyaran ERROR 1064 ɗin ba zai ci maka minti biyar ba. Abin da ya fi damuna shi ne shawarar abokinka, domin ita ce ta yi ɓarnar da ba ta kuka. Za mu zo kanta.

Fara da sake karanta saƙon kuskuren nan tun daga farkonsa, a hankali. Za ka ga yana cewa ka duba littafin jagora na sigar sabar ɗinka, kuma sunan da ya ambata MariaDB ne. Mutane da yawa ba sa lura da wannan. A allon XAMPP, wato ƙunshin manhajojin da ke mayar da kwamfutarka sabar ta gwaji, maɓallin da kake dannawa an rubuta masa MySQL, babban fayil ɗin ma sunansa mysql, amma tun shekarar 2015 abin da ke ciki MariaDB ne. In kana son ka gani da idonka, buɗe phpMyAdmin, shafin sarrafa rumbu da ke zuwa tare da XAMPP, ka rubuta:

SELECT VERSION();

Zai ba ka wani abu kamar 10.4 da 'yan lambobi, sannan kalmar MariaDB a ƙarshe.

MySQL da MariaDB 'yan gida ɗaya ne, amma sun raba tukunya. Kamfanin MySQL AB na ƙasar Suwidin ne ya fara MySQL a 1995. Sun Microsystems ta saye shi a 2008, sai Oracle ta saye Sun, cinikin ya kammala a farkon 2010. Michael Widenius, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro MySQL, bai gamsu da inda aka dosa ba, ya ɗebi lambar manhajar a 2009 ya ci gaba da ita da sabon suna. Sunayen duka na 'ya'yansa mata ne, My da Maria. A shekarun farko kusan duk abin da ɗaya ya fahimta ɗayan ma ya fahimta. Daga fitowar MySQL 8.0 a watan Afrilun 2018 ne tazarar ta yi faɗi sosai. Workbench kuwa na Oracle ne, kuma MySQL na Oracle yake yi wa hidima. Shi ya sa ranar da ka fara haɗa shi da XAMPP ya yi maka gargaɗi cewa ya ga sabar da bai sani ba, ka danna ci gaba ka manta.

To me ya kawo kuskuren? A MySQL 8.0 an ƙara wata dabara: ana iya ɓoye fihirisa, wato abin da SQL ke kira INDEX, ta yadda tana nan ana sabunta ta amma mai tsara bincike ba zai yi amfani da ita ba. Amfaninta shi ne ka gwada ko rumbunka zai iya rayuwa ba tare da wata fihirisa ba kafin ka goge ta, domin sake gina ta a babban tebur yana cin lokaci. Saboda haka aka samu sababbin kalmomi biyu, VISIBLE da INVISIBLE. Workbench 8.0 yana ɗauka cewa MySQL 8.0 za ka tura wa, don haka duk fihirisar da ya rubuta sai ya manna mata VISIBLE. Kuma duk lokacin da ka ja layi tsakanin teburori biyu, yana ƙirƙirar fihirisa da kansa don wannan haɗin. Ga kamannin abin da yake fitarwa:

INDEX `fk_biya_dalibai_idx` (`dalibai_id` ASC) VISIBLE,
CONSTRAINT `fk_biya_dalibai`
FOREIGN KEY (`dalibai_id`)
REFERENCES `mydb`.`dalibai` (`id`)

MySQL 5.7 bai san kalmar ba, MariaDB 10.4 ma bai san ta ba. Inda abin ya yaudare ka shi ne yadda kowanne yake kai ƙara. MySQL 5.7 yakan nuna VISIBLE ɗin kai tsaye. MariaDB kuwa yakan ɗauki kalmar a matsayin sunan wani zaɓi da yake jiran a ba shi daraja, sai ya wuce ta ya yi tuntuɓe da abin da ya biyo baya. Abin da ya biyo baya kuwa CONSTRAINT ne. Mai laifi ya tsere, aka kama maƙwabcinsa. Ka riƙe wannan a kan ERROR 1064 gaba ɗaya: wurin da saƙon ya nuna shi ne inda mai karatun ya kasa ci gaba, don haka kullum ka duba kalma ɗaya ko biyu da suka gabace shi.

Ko za a kira wannan tangarɗar manhaja, ana iya muhawara. Masu Workbench za su ce sun ba ka wurin zaɓar siga, kai ne ba ka zaɓa ba. Ni dai ina ganin manhajar da ta riga ta haɗu da sabar, ta ga sigarsa, ba ta da hujjar aika masa kalmar da ba zai gane ba, musamman tunda VISIBLE ba ta ƙara komai, ko ba a rubuta ta ba haka fihirisa take. Amma ra'ayina ba zai kare maka aiki ba. Ga gyaran.

Shiga Edit, ka zaɓi Preferences, sannan Modeling, sannan MySQL. Akwai gurbi mai suna Default Target MySQL Version. Goge abin da ke ciki ka rubuta 5.7. Ka sake yin Forward Engineer, kuma a shafin da yake nuna maka rubutun SQL kafin ya tura, ka duba ko VISIBLE ta tafi. Idan tana nan, to fayil ɗinka yana riƙe da nasa saitin dabam. Shiga Model, ka zaɓi Model Options, ɓangaren MySQL, ka cire alamar da ke cewa a bi saitin gama-gari, ka rubuta 5.7 a gurbin Target MySQL Version. Ni wannan na biyun na fi so, saboda yana zama a cikin fayil ɗin zanen kansa, mai ƙarewa da .mwb. In ka kai fayil ɗin kwamfutar malaminka ko ta abokin aikinka, saitin zai bi shi. Na farkon kuwa a kwamfutarka kaɗai yake. Wannan kuma ya nuna maka dalilin da cirewa da sake sawa bai yi komai ba: ka sake sa manhaja ɗaya mai zato ɗaya, ta sake rubuta abu ɗaya.

Idan wata rana ka samu rubutun SQL daga wani, babu fayil ɗin zanen, to sai a cire kalmar daga rubutun. A nan a yi hattara. Kada ka ce wa editanka ya goge duk inda ya ga VISIBLE, domin zai shiga cikin INVISIBLE ya bar maka IN tsirara, ka koma neman sabon kuskure. Nemi kalmar tare da tazarar da ke gabanta. A Linux ko Git Bash layi ɗaya ya isa:

sed -E 's/ VISIBLE([,);])/\1/g' tsari.sql > tsari_mariadb.sql

Ka ajiye wannan layin a fayil kusa da zanen. Gyaran da ake yi da hannu duk lokacin da aka fitar da rubutu, wata rana za a manta da shi, kuma ranar da za a manta ita ce ranar da ake sauri.

Yanzu ga maganar layukan da suka ɓace. A cikin Workbench abubuwa huɗu ne kake mu'amala da su, kuma kowanne yana iya saɓa wa ɗan'uwansa: hoton da kake gani a allo, samfurin da ke ƙarƙashin hoton wanda ke jere a Catalog Tree, rubutun SQL da ake fitarwa daga samfurin, sai kuma abin da sabar ya karɓa ya ajiye. Reverse Engineer ba ya tuna zanenka na da. Sabar yake tambaya, kuma ba ya zana layi tsakanin teburori biyu sai in sabar ya ce akwai baƙon makulli a tsakaninsu, wato FOREIGN KEY. Ba ya duba cewa wannan kolum sunansa dalibai_id don haka tabbas na teburin dalibai ne. Da ka goge layukan CONSTRAINT, ka goge haɗin kansa. Teburorin sun shiga, amma kowanne zaman kansa yake. Layukan da suka ɓace gaskiya suka faɗa maka.

Ka gwada da kanka. Saka biyan kuɗi a teburin biya da lambar ɗalibi 99999, wanda babu shi a makarantar. Zai karɓa ba musu. Goge ɗalibin da ya riga ya biya kuɗin zango biyu, zai goge, rasit ɗinsa su zama marayu. Na taɓa karɓar rumbun wata ƙungiyar adashe da aka gina haka. Zanen da aka ba ni a takarda kyakkyawa ne, kowane layi a wurinsa, amma a cikin sabar babu baƙon makulli ko ɗaya. Shekara da shekaru ana goge mambobin da suka fita, zubinsu yana nan babu mai shi, jimillar kuɗi ta ƙi daidaita da littafin ma'aji, har an fara kallon ma'ajin da wani ido. Bawan Allah bai ci ko kwabo ba. Manhajarka ma ta kuɗi ce, kuma a cikin malaman da za su zauna a gabanka, in akwai wanda ya san aikin, wannan gwajin zai fara yi.

Don ka san abin da ke cikin sabar a zahiri, tambayi information_schema, inda sabar ke ajiye bayanin tsarin teburorinsa:

SELECT TABLE_NAME, COLUMN_NAME, REFERENCED_TABLE_NAME
FROM information_schema.KEY_COLUMN_USAGE
WHERE TABLE_SCHEMA = 'mydb'
AND REFERENCED_TABLE_NAME IS NOT NULL;

Ka sa sunan rumbunka a madadin mydb, in ka canza shi. In ba ka canza ba, don Allah ka canza, wannan sunan da Workbench ke ba kowa ne. Ka ƙirga haɗe-haɗen da suka fito, ka ƙirga layukan da ke zanenka na asali. Su zo daidai.

Idan bayanan da ke cikin rumbun na gwaji ne, kuma ina zaton haka ne, hanya mafi sauƙi ita ce ka goge rumbun gaba ɗaya, ka buɗe fayil ɗin .mwb na asali, wanda ka zana da hannunka, ka gyara sigar, ka sake turawa. Ina fata ba ka ajiye sakamakon Reverse Engineer a kansa ba. In ka yi, duba wurin da fayil ɗin yake, Workbench yakan bar kwafin da ya gabata mai ƙarewa da .mwb.bak. Kwafe shi wani wuri, cire .bak ɗin, ka buɗe. Amma mataki ɗaya kawai yake komawa baya.

Idan kuwa ka riga ka shigar da bayanan gaske da ba ka son rasawa, akwai tarko. Duba saman duk rubutun da Workbench ya fitar, za ka ga yana kashe FOREIGN_KEY_CHECKS, a ƙasa kuma ya mayar da shi yadda yake. Yana yin haka ne don ya iya ƙirƙirar teburori a kowane jeri, ko da ɗa ya riga uba zuwa. Matsalar ita ce mayar da saitin ba ya sa sabar ya koma ya binciki bayanan da suka riga suka shiga. Don haka in ka ƙara makullan ta wannan hanya, za su zauna a kan marayun nan ba wanda ya ce uffan. Fara nemo su:

SELECT b.* FROM biya b
LEFT JOIN dalibai d ON d.id = b.dalibai_id
WHERE d.id IS NULL AND b.dalibai_id IS NOT NULL;

Ka yanke hukunci a kan kowanne, ko a gyara lambar ko a goge. Sannan ka ƙara makullin da ALTER TABLE na kanka, binciken yana kunne. In ka bar maraya ko ɗaya zai ƙi da ERROR 1452, kuma wannan ƙin alheri ne.

Akwai wani dalili na biyu da ke sa layuka ɓacewa, ko da ba wanda ya goge komai, kuma ya kamata ka kawar da shi. Injin ajiya na MyISAM ba ya aiki da baƙon makulli. Abin takaicin shi ne ba ya ƙi. Yana karanta FOREIGN KEY ɗin, ya gyaɗa kai, ya watsar. InnoDB ne ke aiwatar da shi, kuma shi ne injin asali tun MySQL 5.5, amma har yanzu ana cin karo da MyISAM a tsofaffin fayiloli da ake kwafa daga hannu zuwa hannu, da kuma wasu sabar na haya. Duba kolum ɗin ENGINE a information_schema.TABLES, kowane tebur ya ce InnoDB. Wannan halin na karɓa a watsar ba a nan kaɗai yake ba. MySQL ya yi ta karɓar CHECK yana watsarwa har zuwa 8.0.16, alhali MariaDB ya fara aiwatar da shi tun 10.2.1. Wato rubutu ɗaya, a wannan sabar yana hana a saka kuɗi ƙasa da sifili, a wancan ado ne kawai.

Na uku ba shi da haɗari: layin yana nan a samfuri, an ɓoye shi ne a hoto. In ka danna layi sau biyu za ka ga zaɓin bayyanarsa, a nuna shi cikakke, a raba shi gida biyu, ko a ɓoye. In an ɓoye, buɗe teburin ka shiga shafin Foreign Keys, za ka same shi. Haka nan in ka danna dama a kan tebur, Remove Figure daga hoto kawai yake cire shi, yana nan a samfuri kuma zai fito a SQL. Delete shi ne gogewa ta gaske. Ɗalibai da dama sun yi mamakin ganin teburin da suka "goge" tun watan jiya ya bayyana a phpMyAdmin.

Bayan ka wuce 1064, kada ka yi mamaki in wani ya tare ka a gaba. Tsugune ba ta ƙare ba, domin VISIBLE ba ita kaɗai ce bambanci ba. Wanda aka fi gamuwa da shi shi ne ERROR 1273, wai bai san utf8mb4_0900_ai_ci ba. Wannan ƙa'idar jera haruffa ce da MySQL 8.0 ya zo da ita, kuma MariaDB 10.4 ba shi da ita. Danna sunan rumbun sau biyu a samfurin, ka mayar da ita utf8mb4_unicode_ci, wadda duka biyun suka sani, sannan ka duba ko akwai tebur ko kolum da aka sa wa tasa dabam. Wasu in sun ga wannan kuskuren sai su gudu zuwa latin1 don a zauna lafiya. Kai kada ka yi. Sunayen ɗalibanka akwai Ɗanjuma, akwai Ƙasimu, akwai unguwanni irin su Ƙofar Mata, kuma latin1 ba shi da ɓ, ɗ da ƙ. Ko dai sabar ya ƙi karɓa, ko ya mayar da su alamar tambaya, kuma harafin da ya zama alamar tambaya ba ya dawowa. Haɗin PHP ɗinka ma ka sa masa utf8mb4, in ba haka ba rumbu yana daidai amma haruffan su lalace a hanya. A sunayen teburori da kolum-kolum kuwa ka bar masu lanƙwasa, ka rubuta dalibai da ƙananan haruffa zalla. Windows ba ya bambanta Dalibai da dalibai a sunan tebur, Linux yana bambantawa, kuma yawancin sabar na haya Linux ne.

Na biyu shi ne ƙin ƙirƙirar makullin, wanda MariaDB ke kawowa da errno 150, MySQL 5.7 da ERROR 1215. Kusan kullum dalilin shi ne kolum biyun ba iri ɗaya ba ne: ɗaya INT ɗaya BIGINT, ko ɗaya UNSIGNED ɗayan ba haka ba, ko rubutu ne masu ƙa'idar haruffa dabam-dabam. Yakan faru in ka ja layin tun farko, daga baya ka canza nau'in babban makullin, wato PRIMARY KEY, ka manta da ɗansa. Saƙon ba ya faɗin wanne ne, amma SHOW ENGINE INNODB STATUS yana da sashe mai suna LATEST FOREIGN KEY ERROR da ke yin bayani dalla-dalla. In kuwa errno 121 ka gani, makullai biyu ne suke da suna ɗaya. Sunan CONSTRAINT dole ya zama shi kaɗai a duk rumbun, kuma kwafar tebur a cikin zane ita ta fi haddasa wannan.

Tunda na ambaci nau'i: kolum ɗin kuɗi ka sa shi DECIMAL, kamar DECIMAL(12,2). FLOAT kimantawa yake yi, kuma in aka tara rasit da yawa kobo zai fara ɓacewa. Kuma ka bi duk VARCHAR(45) ɗin da Workbench ya cika maka, ka tambayi kanka ko adireshin gida zai shiga haruffa 45.

Duk wannan kewaye ne. Tambayar da ta fi ita ce a ina manhajar za ta zauna a ƙarshe. In makarantar za ta ɗora ta a sabar na haya, shiga phpMyAdmin ɗinsu ka gudanar da SELECT VERSION() ɗin nan, ka daidaita kwamfutarka da abin da ka gani. In MariaDB ne, zauna da XAMPP ɗinka da saitin 5.7, ka san cewa kana amfani da Workbench ne a matsayin allon zane da injin rubuta SQL kawai. Ka fitar da rubutun ta File, Export, Forward Engineer SQL CREATE Script, ka karanta shi, ka shigar ta phpMyAdmin ko HeidiSQL. In MySQL 8 ne, sa MySQL 8 na gaske a kwamfutarka, ka mayar da saitin 8.0. Sai dai duka biyun ƙofar sadarwa (port) mai lamba 3306 suke nema, don haka ka kashe na XAMPP ko ka canza wa ɗaya lamba. Kada ka je ka sa MySQL 5.7 don kawai lambar ta yi daidai da saitin, an daina tallafa masa tun Oktoban 2023. Rubuta 5.7 a gurbin nan dabara ce kawai ta sa Workbench ya yi magana da tsohon harshen da su biyun suke ji.

Abin da zan hana ka yi a kan MariaDB shi ne Synchronize Model ido rufe. Wannan aikin yana karanta tsarin sabar, ya gwada da samfurinka, ya rubuta ALTER don daidaita su. In bai karanta sabar daidai ba, zai ga bambanci inda babu. In kuma ka canza sunan kolum a phpMyAdmin ba ka canza a samfuri ba, yana iya ganinsa a matsayin baƙon kolum da za a jefar, ya ƙirƙiri sabo fanko. A MySQL da MariaDB umarnin canza tsari yana tabbata nan take, ROLLBACK ba ya dawo da kolum ɗin da aka jefar. Kafin ka danna Execute ka nemi kalmar DROP a rubutun, duk inda ka gan ta ka san dalilinta. Kuma ka ɗauki kwafin rumbun tukuna. In ka yi ƙoƙarin ɗaukar kwafin da Data Export na Workbench ya tsaya yana ƙorafin COLUMN_STATISTICS, cutar ɗaya ce: mysqldump na 8.0, wato manhajar da ke ɗaukar kwafin, yana neman teburin da babu shi a MariaDB. Yi amfani da mysqldump ɗin da ke cikin xampp\mysql\bin, ko Export na phpMyAdmin.

Ba ka ce Workbench yana sandarewa ko rufe kansa ba, amma da zane ya girma a kan kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi hakan na faruwa, ko allon zanen ya yi fari fat. A Preferences, ƙarƙashin Modeling, akwai zaɓin tilasta zana hoton ba tare da katin hoto ba, an rubuta Force use of software based rendering for EER diagrams. Sa masa alama ka sake buɗewa. A wurin ne kuma ake saita tazarar ajiya ta atomatik, ka rage ta, saboda wuta ba ta sallama in za ta tafi. Raba zanen ma yana taimakawa. Samfuri ɗaya yana ɗaukar zane da yawa, kana iya yin ɗaya na ɗalibai da azuzuwa, ɗaya na kuɗi, tebur ɗaya ya fito a duka biyun. A babi na uku na rahotonka ma zai fi karantuwa a kan zane guda mai layuka kamar saƙar gizo.

Fayil ɗin .mwb kansa zip ne da aka canza wa suna. In ka kwafe shi ka mayar da ƙarshensa .zip, za ka ga document.mwb.xml a ciki, nan duk samfurin yake a rubuce. Sanin wannan yana ceton mutum ranar da fayil ya ƙi buɗuwa, domin ko ba komai za ka iya karanta sunayen teburori da nau'o'insu. Amma yana nufin Git, manhajar bin diddigin canje-canjen fayiloli, ba zai iya nuna maka abin da ya canza tsakanin jiya da yau ba, dunƙule ɗaya yake gani. Saboda haka duk lokacin da ka taɓa zanen, ka fitar da tsari.sql ka ajiye su tare. Rubutun ne za ka iya gwadawa layi da layi, shi ne kuma zai yi maka aiki ko da ka bar Workbench ka koma DBeaver, wanda ke zana hoto kai tsaye daga rumbun da ke aiki kuma yana jin MariaDB sosai.

Ga yadda zan yi da daren yau in ni ne kai. In kwafi fayil ɗin .mwb zuwa filasha. In sa 5.7 a Model Options, in mayar da ƙa'idar haruffa utf8mb4_unicode_ci, in fitar da rubutun in karanta shi daga sama har ƙasa, teburori goma sha ɗaya ba su da yawa. In ƙirƙiri sabon rumbu fanko in shigar da shi. In gudanar da tambayar KEY_COLUMN_USAGE in ƙirga. Sannan in gwada saka biyan ɗalibi 99999. In ya ƙi da ERROR 1452, ka ɗauki hoton allon ka sa a babin gwaji na rahotonka. In wani kuskuren ya fito dabam, turo mini saƙon cikakke tun daga kalmar ERROR har lambar layin, tare da CREATE TABLE ɗin da ya tsaya a kai da abin da SELECT VERSION() ya ba ka.